Gona Ta Wa Ce? Saɓanin Kakanninmu da Turawa Kan Mallakar Ƙasa

A Hausa akwai mai ƙasa, akwai kuma mai gona, kuma ko yaro ƙarami ya san ba abu ɗaya ba ne. In an ce mai ƙasa, to, sarki ake nufi ko hakimi ko dagaci, wato wanda jama'ar wurin ke ƙarƙashin ikonsa. In kuwa aka ce mai gona, ana nufin talakan da ya sare dajin ko ya gaje shi, shi ne ke zuba mata taki, shi ne kuma ke kai amfaninta rumbu. Mai ƙasa ba ya shiga gonar mai gona ya yanki gero don yana taƙama da sarauta, mai gona kuma ba ya ɗaukar gonarsa ya fitar da ita daga ƙasar sarki. Turawan da suka zo mana suna da kalma guda wadda suke zuba waɗannan abubuwa biyu a cikinta, kuma yawancin rikicin da ya auku tsakaninsu da kakanninmu game da ƙasa daga nan ya samo tushe. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ke nan, domin dokar da ke kan gonakinmu na Kalgo da Diggi da Zuguru a yau jikar wannan saɓani ce.

Bari mu fara da yadda abin yake tun kafin zuwan Bature. A zamanin da, daji ya fi mutane yawa. Saboda haka ba ƙasa ce ke da tsada ba, hannun da zai noma ta shi ne abin nema. Sarkin da ke da faɗin ƙasa ba jama'a, ai sarkin namun daji ne. In baƙo ya zo gari yana son zama, sai ya sami mai masauki, mai masauki ya kai shi wurin dagaci da ɗan goron gaisuwa, a nuna masa gefen daji a ce ya sara. Wannan goro ba kuɗin saye ba ne, alama ce ta cewa baƙo ya yarda ya zama ɗan gari, za a kira shi gayya ya zo, za a faɗa masa haraji ya biya. Da zarar ya sare dajin ya noma, gona ta zama tasa, in ya mutu 'ya'yansa su gada. Yana iya ba da ita aro, yana iya jinginar da ita in bashi ya kama shi, wanda ya ba da kuɗin ya yi ta nomawa har ranar da aka fanshe ta, ko da bayan shekara ashirin ne. Amma in ya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura, gona ta koma saura, saura ta koma daji, har alamar kunya ta ɓace, to, dagaci na iya ba wani.

A cikin gida ma akwai hawa-hawa. Akwai gandu, wato babbar gonar da maigida da ƙannensa da 'ya'yansa ke nomawa tare, daga cikinta ake ci, a biya haraji, a yi wa samari aure. Akwai kuma gayauna, 'yar gonar da ake yankar wa saurayi ko matar gida, abin da ya fito cikinta nasa ne shi kaɗai. Maigida shi ne ke riƙe da gandu, amma riƙon amana ne. In ya tashi sayar da shi don kansa, dangi ba za su zuba masa ido ba, don akwai rabon waɗanda ba a ma haifa ba tukuna a ciki.

Abin da ya fi ɗaure wa Bature kai shi ne yadda mutane da yawa ke da haƙƙi a kan fili guda, kowa da lokacinsa, kowa da abin da yake ɗauka. Mu ɗauki gona ɗaya a bakin fadamar Gulbin Kabi. Da damina ta mai shinkafa ce. In ruwa ya cika ya malale ta, masunta su zo da taru da homa, kifin da ke iyo a kan kunyoyin ba na mai shinkafa ba ne, yana ƙarƙashin Sarkin Ruwa da al'adar su. In an yi girbi, Bafulatani ya sauko da shanunsa su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki, wani lokaci ma mai gonar ne zai ba shi dammunan dawa don ya daɗe a kanta. Ɗorawa ko kaɗanyar da ke tsakiyar gonar tudu tana iya zama ta wani gida daban, wanda kakansu ya raine ta tun kafin a ba da aron filin. Mata na tsintar itace, maharba na bin sawun nama, ga burtali ya ratsa ta gefe wanda ba mai ikon shuka ko ƙwayar wake a cikinsa. To, in ka tsaya a wannan wuri ka ce a nuna maka mutum ɗaya wanda ya mallaki kome da kome, ka yi tambayar da ba ta da amsa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk al'ada ce ta baka kawai ba rubutu. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, da kuma raba kulawar daula da aka yi a 1812 inda yammaci ya faɗa hannun ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, shari'a ta shigo cikin maganar ƙasa sosai. Malam Abdullahi ya rubuta littafi musamman a kan wannan batu, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa, wato dajin da ba na kowa ba. A mazhabar Malikiyya wadda yake bi, wanda ya raya matacciyar ƙasa ya fi kowa haƙƙi a kanta, rayawar kuwa ita ce sare daji, ko haƙa rijiya, ko yin gini, ko dasa itatuwa, ko nomawa. In dajin yana kusa da gari sai da izinin shugaba, in yana nesa ba a bukatar izini. Kowane gari yana da huruminsa inda ake kiwo da yin itace, kowace rijiya tana da nata, ba a yarda wani ya killace su ba. Ruwa da ciyawar daji na kowa ne. Ƙasar da aka ci da yaƙi kuwa, malaman Malikiyya sun ɗauke ta a matsayin wakafi ga al'ummar Musulmi baki ɗaya. Shugaba yana iya yanka wa wani, amma shi mai kula ne, ba dukiyar aljihunsa ba ce. Wannan magana ta ƙarshe a riƙe ta, don za mu ga yadda Gwamna Lugga ya juya ta.

Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne. Sarakuna da manyan fada suna da gandaye masu faɗi, da rumada inda bayi ke noma musu. Akwai hakimai da suka ƙwace gonar talaka ba bisa ƙa'ida ba, akwai gidajen da aka hana 'ya'ya mata rabon gona ko da yake shari'a ta ba su, da hujjar wai kada gandu ya watse. Yaƙe-yaƙen Gwandu da Kabawa, musamman bayan tawayen Yakubu Nabame a 1849, sun sa mutanen wannan yanki namu sun takure kusa da ganuwa, gonar da ke nesa da gari ta zama ta mai ƙarar kwana. A kusa da manyan birane kuma, inda mutane suka yi yawa, ana sayar da gonaki da gidaje tun kafin Bature ya zo. Duk da haka ko azzalumin hakimi ya san zalunci yake yi, don akwai ma'aunin da kowa ya sani.

To, shi Bature da wane tunani ya zo? A Ingila, tun daga 1066 da Wiliyam ya ci ƙasar da yaƙi, a ƙa'ida duk ƙasa ta sarki ce, shi ya rarraba wa jarumansa. Amma da tafiya ta yi tafiya sai riƙon ya zama mallaka sosai, mutum ɗaya ya mallaki fili mai faɗin gunduma, ya sa manoma su yi ta biyansa haya. Daga baya, musamman tsakanin 1750 da 1850, majalisarsu ta yi ta yin dokoki ana killace filayen kiwo na ƙauyuka, waɗanda da na kowa da kowa ne, ana mai da su na mutum ɗaya. Talakawan da suka rasa wurin kiwo suka kwarara birane aikin masaƙu. Wato dai abin da suka yi wa wasu a waje sun fara yi wa nasu a gida. Saboda haka Baturen da ya sauka a bakin Kwara ya taso ne a ƙasar da kowane taƙi yana da mai shi guda ɗaya, da shinge, da taswira, da takarda a ofishin lauya, kuma ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da doki.

Akwai kuma wani malaminsu mai suna John Locke, wanda a wajen 1690 ya rubuta cewa aikin da mutum ya zuba a ƙasa shi ke mai da ita tasa. In ka duba, wannan bai yi nisa da maganar raya matacciyar ƙasa ba. Inda aka rabu shi ne wa zai faɗi abin da ake kira aiki. A idon Bature, in bai ga garma da shinge ba, to ba a aikin kome a wurin. Makiyayi da maharbi da manomin da ya bar saura ta huta duk ba su shiga lissafi. Da wannan hujja ce Ingilishi suka sauka Ostireliya a 1788 suka ɗauke ta a matsayin ƙasar da ba mai ita, alhali mutane sun yi dubban shekaru a cikinta. Sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan ƙarya a shari'ar Mabo. Faransa ma ta yi doka a 1904 cewa duk filin da ba kowa kuma ba mai shi a yankunanta na Afirka ta Yamma na gwamnati ne, dokar da ta hau kan 'yan'uwanmu na Gaya da Dosso.

Karon farko da tunanin nan biyu suka yi gaba da gaba a ƙasar Gwandu shi ne a 1885. A shekarar ce aka gama taron Balin inda Turawa suka shirya yadda za su raba Afirka, kowa na rige-rigen tara takardun yarjejeniya don ya nuna wa sauran. Kamfanin George Goldie, wanda a 1886 ya zama Kamfanin Neja mai izinin sarautar Ingila, ya aiko wani matafiyi mai suna Joseph Thomson. A watan Yuni ya sami sa hannun Sarkin Musulmi Umaru, sa'an nan ya zo ya sami na Sarkin Gwandu Maliki. Takardar Turancin ta ce sarki ya ba kamfani dukkan haƙƙinsa a kan ƙasar da ke gaɓa biyu ta kogi, iyakar nisan da kamfani ya ga dama, kamfani kuma zai riƙa ba Gwandu buhu 2,000 na kuɗin wuri kowace shekara, Sakkwato buhu 3,000.

A nan sai mu tsaya mu yi tunani. Sarkin da kakansa ya rubuta cewa ƙasa amana ce a hannun shugaba, yaya za a yi ya sayar da Nupe da Yawuri da bakin Kwara a kan wuri? Ko da ya so, ba shi da ikon yi. Abin da fada ta sani shi ne fatake baƙi kan zo su nemi izinin ciniki da aminci, a ba su, su kuma su riƙa kawo gaisuwa duk shekara kamar yadda kowane mai neman inuwar sarki ke yi. Wato wurin da kamfani ya rubuta a littafinsa a matsayin kuɗin ƙasa, a Gwandu gaisuwar talaka ce ga ubangidansa. Kowane ɓangare yana ganin shi ne babba. Shaidar haka ita ce, bayan shekara goma, a 1895, Jamusawa sun taso daga Togo sun iso Gwandu, Sarki Umaru Bakatara ya karɓe su, su ma suka koma da tasu takardar. Wanda ya san ya sayar da doki ba ya sāke kai shi kasuwa, amma mai masauki yana iya saukar da baƙo na biyu ba tare da ya kori na farko ba. Irin wannan ta faru da Sarki Lobengula na Matabele a 1888, da kuma mutanen Mawori na Niyuzilan a 1840, inda takardar harshensu ta faɗi abu ɗaya, ta Turanci ta faɗi wani.

Amma takardar Thomson ta yi aikinta a Turai. Da ita Ingila ta tsaya ta yi ciniki da Faransa a 1890 aka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, aka yi ta gyara shi har 1906. Garuruwan yamma da ke kawo gaisuwa Gwandu, irin su Sayi da Liptako, suka faɗa hannun Faransa. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani, ta biya shi fam 865,000. Ba a aiko wa kowa ko anini a ƙasar Hausa ba.

Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi musu jawabi ta bakin tafinta. Taƙaitaccen abin da ya ce game da ƙasa shi ne, Fulani sun ci ƙasar da yaƙi a zamanin Shehu, suka sami ikon mulki da haraji da ƙasa, yanzu kuma Ingilishi sun ci su, saboda haka duk wannan iko ya koma hannun gwamnati, in tana bukatar fili za ta ɗauka. Dubi yadda aka juya magana. Abin da malamai suka kira wakafin al'umma, wanda sarki ke kula da shi, Lugga ya karanta shi da idon Wiliyam na 1066, wato ganimar wanda ya yi nasara. Gwandu ba ta yi yaƙi da Turawa ba, amma hukuncin ya hau kanta daidai da kowa. Bayan rikicin Satiru na 1906 ma aka sauke Sarki Muhammadu Bashiru aka naɗa Haliru, fada ta zauna a Birnin Kebbi kusa da Bature. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowane hakimi aka ce ya zauna a tasa ya tara haraji, Kalgo ta zama mazaunin Sarkin Gobir. Da hakimi mutane yake bi, ko'ina suke zaune. Yanzu sai ya zama iyaka yake bi.

Lugga ya so a ce sarakuna da masu bayi su zama manyan masu ƙasa irin na Ingila, bayin da ke samun 'yanci su koma 'yan ƙodago a gonakinsu. Wanda ya gaje shi a 1907, Percy Girouard, bai yarda da haka ba. Shi da wasu manyan Razdan-Razdan, musamman Charles Temple, sun karanta littattafan wani Ba'amurke mai suna Henry George, wanda ke ganin masu tara ƙasa suna cin haya su ne tushen talauci a Turai da Amurka. Suka ƙudura cewa ba za a bari irin wannan aji ya tsiro a Arewa ba. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don ya binciki yadda 'yan ƙasa ke riƙe da ƙasa. Abin mamaki, Turawa ne suka yi tambaya, Turawa ne suka ba da amsa. Ba a kira manomi ba, ba a kira alƙali ba, ba a kira ko sarki ɗaya ba. Kwamitin ya yanke cewa a al'adarmu ba wanda ya mallaki ƙasa, amfani kawai ake yi da ita. Daga nan aka yi dokar 1910, aka sabunta ta a 1916, wadda ta ce duk ƙasar Arewa, da wadda ake nomawa da wadda ba a nomawa, tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma ba wanda ke da tabbataccen haƙƙi a kanta sai da yardarsa.

Wato Bature ya yi kuskure sau biyu, kuma kuskuren biyu kishiyoyin juna ne. A 1885 ya ce sarki ne mai kome, har yana iya sayarwa. A 1910 ya ce ba mai kome. Duka biyun sun fito ne daga rashin gane cewa mai ƙasa daban, mai gona daban, kuma duka biyun sun ƙare da ƙasa a hannun Bature.

Sai dai a faɗi gaskiya, dokar 1910 ta yi mana wata rana. Ta hana baƙi sayen ƙasa a Arewa. Mai son ya ga darajar wannan sai ya dubi Afirka ta Kudu, inda dokar 1913 ta keɓe wa baƙar fata wajen kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, aka ƙara zuwa wajen kashi 13 a 1936. Ko ya dubi Kenya, inda shi wannan Girouard ɗin ya koma Gwamna bayan ya bar mu, a zamaninsa aka tashi Masai daga makiyayarsu a 1911 don a ba Turawa, kuma dokar 1915 ta ba baƙi hayar shekara 999. Mutum ɗaya ne, amma a can akwai tuddai masu sanyi da Bature ke sha'awar zama, a nan kuwa akwai zafin bazara da sauron fadama. Ni a ganina sauro ya taimaki dokar ƙwarai. Ban da haka gwamnati ta lura cewa manomi a gonarsa yana noma gyaɗa da auduga ya biya haraji ba tare da ta kashe ko sisi ba. A kudu kuwa, inda ba a yi irin wannan doka ba, wani basaraken Ikko mai suna Amodu Tijani ya kai gwamnati ƙara har Landan a kan filin Apapa, a 1921 kotu ta ce ƙasar ta jama'arsa ce, sai an biya su cikakkiyar diyya. Mutumin Arewa ba shi da ƙofar kai irin wannan ƙara, don doka ta riga ta ce ƙasar ta Gwamna ce.

A ƙauye, talaka bai ji an yi wata doka ba. Ya ci gaba da gado da aro da jingina, alƙali na raba gado yadda ya saba, saye da sayarwa ma suka ƙaru da kuɗin Bature suka yawaita, sai dai a ce wai ba ƙasar aka saya ba, wahalar da aka yi a kanta ce. Inda ya ji canji shi ne a daji. Dajin da yake shiga ya yi itace, ya sari sabuwar gona in iyali sun ƙaru, sai aka wayi gari an kafa masa alamu an ce gandun daji ne na En'e, mai shiga da gatari sai tara. A wasu lardunan, musamman Kano, aka fito da malaman taki suna auna gonaki da ƙafa ana ɗora haraji bisa faɗinsu, mai barin saura ta huta ya ga yana biyan kuɗi a kan filin da bai ba shi ko zangarniya ba.

Da aka sami mulkin kai ba a koma ga littafin Malam Abdullahi ba. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ɗauko ta 1916 kusan yadda take, sai dai an cire Gwamna Bature an sa Minista. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya. Sa'an nan ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa wannan tsari na Arewa a kan Nijeriya duka, aka kuma cusa dokar cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Ita ce ke aiki har yanzu. A ƙarƙashinta ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana. Filin birni shi ke ba da takardarsa, wadda muke kira satifiket. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce, kuma ba ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo sai da yardar Gwamna. Wanda yake noma gonarsa tun kafin dokar an bar masa riƙonsa ko ba takarda. Amma in gwamnati na bukatar wurin don amfanin jama'a tana iya karɓa, diyyar da za ta biya kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da itatuwa, ban da ƙasar kanta.

Shekara biyu kacal bayan haka aka ga abin da wannan ke iya haifarwa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin muke jiha ɗaya da ita kafin a yanke Jihar Kebbi a 1991, an gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, aka baje wasu gonakin don aikin ban ruwa. Manoma suka ga shekaru na wucewa ba gona ba cikakkiyar diyya, suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka rasa rayuka da yawa. Ma'aikacin da ya zo da takarda yana lissafin buhunan da gona ke bayarwa a shekara. Manomin kuwa yana lissafin kakansa da ya sare ta da jikansa da zai gaje ta. Ba Bature ko ɗaya a cikin masu ba da umarni a ranar, amma ma'aunin nasa ne.

Mu a Kalgo maganar ba ta yi nisa da mu ba. Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, tana ta matsowa. An kafa Jami'ar Tarayya a 2013, mazauninta yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, gonakin da ke bakin titi kuma suna ta komawa fulotai. Noman shinkafa na rani da injin ban ruwa ya sa fadamar da da ake barin wa shanu bayan girbi yanzu kore take shekara duka, makiyayi ya zo ya tarar ba kara ba hanyar mashaya. Shi ne ya fi kowa asara a sabon tsari, domin haƙƙinsa na lokaci ne, satifiket kuwa ba shi da gurbin rubuta cewa wane yana da wata uku a nan bayan kaka. Haka mai ɗorawa, haka masunci. Gonar da aka ba da aro shekara arba'in da suka wuce a gaban dattawa uku, yau dattawan sun rasu, jikokin mai aro da na mai gona suna gaban alƙali, kowa na rantsuwa.

Yawancin iyayenmu ba su da takarda a kan gonakinsu, shaidarsu ita ce dagaci da maƙwabtan iyaka da kukar da kowa ya sani. Wannan shaida tana da ƙarfi a gaban alƙali muddin masu ita na raye. Mu da aka sa makaranta, abin da za mu iya yi a hutun nan ba shi da wuya: mu zauna da su mu rubuta wace gona ce gado, wace ce aro, wace ce jingina kuma nawa aka karɓa, wa ke iyaka da mu gabas da yamma, wa ke da itatuwan da ke ciki, a sa mai unguwa da shaidu su sa hannu. Akwai kuma wani sashe na dokar 1978 da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ya ce in ƙaramar hukuma ta karɓi gonar da mutum ke nomawa, wajibi ne ta ba shi wata a madadinta don ya ci gaba da noma.